Idan mai taɓin hankali ya ƙi asibiti, me alƙali zai iya yi?

Wata gwaggona ta buga mini ƙofa bayan sallar asuba, ko mayafinta ba ta daidaita ba. Ɗanta mai shekara 27 ya yi kwana tara bai runtsa ba. Dare ya raba yana zagaya tsakar gida yana amsa maganar waɗanda babu wanda yake gani sai shi. Ya daina cin abincin da ta dafa, wai an barbaɗa masa wani abu, a daren da ya wuce kuma ya rarumi taɓarya ya bi ƙanensa har soro. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Da aka ambaci asibiti sai ya rantse duk wanda ya taɓa shi zai gani. Tambaya ɗaya ta kawo ta: "Ɗan nan, wace kotu zan je alƙali ya ba ni takarda, a kama shi a yi masa magani?"

Na ce, "Gwaggo, zauna ki sha ruwa tukuna. Ba kotu za mu fara zuwa ba."

Ta dube ni kamar na ƙi taimakonta. Ban kuwa ga laifinta ba, domin tunanin da ta zo da shi yana da tushe a doka da tarihi. Ɗan nata baligi ne, kuma babu wanda yake da ikon kama baligi ya kulle shi don kawai shi ya haife shi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin walwala, sannan ya jera wuraren da za a iya tauye wannan 'yanci. A cikinsu akwai mai taɓin hankali da wanda shaye-shaye ya kama, idan manufar ita ce kula da shi, ko yi masa magani, ko kare jama'a. Amma sashen ya gindaya sharaɗi tun daga farko: sai ta hanyar da doka ta tanada. Duk wahalar tana cikin wannan sharaɗi ne. Wace hanya ce doka ta tanada, kuma ƙofar wa ake bugawa?

Shekara sama da ɗari amsar ita ce ƙofar majistare. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar mahaukata a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, ita ce kuma ƙasar ta gada bayan samun 'yanci. Tsarinta mai sauƙi ne kuma mai ban tsoro. Wani zai je ya yi rantsuwa cewa wane ya haukace, likita ya sa hannu a takarda, majistare ya yanke hukunci cewa lallai mahaukaci ne, sai a tura shi wurin tsarewa. Dokar ba ta damu da warkewa ba, damuwarta a kawar da mutum daga idon jama'a. Tunda kuma gidajen da aka ware domin wannan ba su da yawa, sai wasu sassan gidajen yari suka zama wurin ajiye irin waɗannan bayin Allah. A haka aka samu mutanen da ba su saci komai ba, ba su kashe kowa ba, amma suka shekara da shekaru a kurkuku, musamman a wasu gidajen yarin kudu maso gabas irin na Inugu, da yawansu danginsu ne suka kai su suka juya baya. Wannan tsohon tsari ne ya bar mana tunanin cewa maganin mai taɓin hankali yana farawa ne daga takardar alƙali.

Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda take ɗauke da shekarar 2021 a sunanta, wadda Sanata Ibrahim Oloriegbe na Kwara ya jagoranci kudirinta, kuma aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a farkon Janairun 2023, ta juya wannan tsari. Ƙofar farko yanzu ta likita ce. Asali dai shi ne mutum ya amince da kansa a kwantar da shi. Idan ya ƙi, ana iya kwantar da shi ba da yardarsa ba, amma sai ɗayan abu biyu ya tabbata: ko dai larurar ta kai ga ana fargabar zai cutar da kansa ko wani nan kusa, ko kuma ta yi tsananin da idan aka bar shi zai ƙara lalacewa, kuma maganin da yake buƙata ba zai yiwu ba sai a gadon asibiti. Makusancinsa, kamar iyaye ko miji ko mata ko mai kula da shi, shi ne zai rubuta buƙatar ga asibitin. Likitoci su duba shi su tabbatar. Kwanciyar ba ta sai-baba-ta-gani ba ce, wa'adin farko bai wuce kwana 28 ba, kuma dokar ta tanadi wani kwamitin tantancewa wanda zai riƙa bibiyar irin wannan kwanciya, ya saurari koken majinyaci ko na danginsa, ya kuma iya ba da umarnin sallama. Dokar ta haramta ɗaure majinyaci da mari.

A lura da abin da ba ya cikin waɗannan sharuɗɗa. Taurin kai ba ya ciki. Ƙin auren wanda iyaye suka zaɓa ba ya ciki. Surutu shi kaɗai ko yawo da tsumma, in babu haɗari kuma babu lalacewa mai tsanani, bai isa a ɗauke wa mutum 'yancinsa ba. Na san wannan yana yi wa iyali ciwo, musamman idan unguwa ta fara nuna su da baki. Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake liƙa wa lafiyayye hauka don a ci gadonsa zai fahimci dalilin da ya sa aka ƙuntata ƙofar.

Akwai tsaiko guda da dole a faɗa. Wannan doka ta tarayya ce, harkar lafiya kuwa jihohi ma suna da hurumi a kanta. Legas da Ekiti sun yi tasu dokar, masu fafutuka kuma suna ta kiran sauran jihohi su bi sahu, suna kuma kokawa da cewa hukumomin da dokar tarayyar ta ce a kafa suna tafiyar hawainiya. Abin da wannan yake nufi ga talaka shi ne, a asibitin tarayya dokar ce madogara, amma idan magana ta kai gaban kotun jiha, tambayar farko da ya kamata a yi wa lauya ita ce wace doka kotun take aiki da ita a wannan jihar.

Shi ya sa na ce wa gwaggo asibiti za mu fara zuwa, mu biyu, ba tare da shi ba. Mutane da yawa ba su san ana yin haka ba. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano wanda sunansa har ya shiga bakin mutane ya zama abin tsokana, ga kuma sassan ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Ana iya zuwa a ga likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin a kwashe labari a faɗa masa. Abin da ya fi amfani a wannan zama shi ne bayani tsirara. "Ya haukace" ba bayani ba ne. Bayani shi ne yaushe barci ya ƙaurace masa, me yake cewa yana ji, ranar wace ya ɗauki makami kuma wa ya gani, ko ya taɓa ambaton kashe kansa, ko akwai mai irin wannan a dangi, ko ya yi zazzaɓi mai zafi ko ya bugu a ka kafin abin ya fara, domin wani ruɗewar ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, ciwon jiki ne da yake iya kisa cikin kwanaki. Sai kuma abin da iyaye suka fi ɓoyewa: ko yana shan wiwi, ko ƙwaya, ko kodin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da aka ɓoye wa shaye-shaye zai yi ta lalube ne a duhu. Wannan bayanin, in an rubuta shi da ranaku, shi ne kuma zai zama ƙashin bayan duk wata takardar rantsuwa idan daga baya aka buƙaci kotu.

Kai shi asibitin shi ne mataki mafi haɗari. Abin da aka saba shi ne a tara majiya ƙarfi na unguwa su danne shi, su ɗaure da igiya, a jefa a bayan mota. An sha karya mutane a haka, kuma wanda aka danne wa ƙirji yana iya rasa numfashi. Ya fi kyau a nemo mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, kawu ko malaminsa ko abokin ƙuruciya, a zaɓi lokacin da ya lafa, a kawar da wuƙaƙe da taɓare daga gidan tun kafin nan, a kuma tambayi asibitin ko suna da ma'aikatan da za su taimaka. Idan dole sai an kira 'yan sanda saboda makami, a faɗa musu da babbar murya tun a waya cewa mara lafiya ne za a raka asibiti, kuma wani babba daga dangi ya shiga motar.

Yanzu ga inda kotu take zama tarko. Akwai wata dabara da ta yaɗu a garuruwanmu: uba ya gaji, sai ya je caji ofis ko kotu ya shigar da ƙarar ɗansa da laifin barazana ko ɓarnata dukiya ko sata, ya roƙi alƙali a ajiye masa shi a gidan yari "ya yi hankali". Na fahimci gajiyar da take kai mutum nan. Amma ranar da aka rubuta wannan ƙara, ɗan ya tashi daga majinyaci ya koma wanda ake tuhuma, kuma linzamin ya fita daga hannun uban. Gidan gyaran hali ba asibiti ba ne. Cunkoso ne, ga zafi, ga masu laifi na gaske da za su mayar da shi abin wasa, likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai an yi babbar sa'a. Wanda yake jin muryoyi, a kulle shi cikin mutum hamsin babu magani, ba hankali zai yi ba. Idan kuma fayil ɗinsa ya shige ƙarƙashin wasu, sai a wayi gari uban da ya kai shi shi ne yake yawon neman lauyan da zai fito da shi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wani abin da yake ƙara dagula lamarin shi ne, tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Final Kod, a sashe na 231, ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Likitoci sun daɗe suna neman a soke wannan, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari. Wanda aka ceto daga igiya ko fiya-fiya gadon asibiti yake buƙata a daren nan, kada wani ya kai maganarsa caji ofis.

Amma idan ƙaddara ta riga fata, ya ji wa wani rauni an kama shi, to a nan kotu tana da amfani ƙwarai, kuma shirun dangi shi ne cutarwa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kano ma ta yi a 2019, ta ba alƙali ikon dakatar da shari'a idan ya ga alamar wanda ake tuhuma ba ya cikin hayyacinsa, ya tura shi likita ya duba shi ya kawo rahoto. Sai dai alƙali ba boka ba ne, yana iya ganin mutum minti biyar a akwatin tuhuma bai lura da komai ba. Dangi ne za su sa lauya ya tashi ya nemi wannan umarni, ya miƙa katin asibiti da takardun magani in akwai. Sashe na 51 na Final Kod ya ce ba laifi ba ne abin da mutum ya aikata alhali taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ko sanin cewa kuskure ne. Amma kada a ɗauka wannan yana nufin a tafi gida. Wanda aka wanke ta wannan hanya a babban laifi yawanci umarni ake bayarwa a ci gaba da tsare shi a wuri amintacce, kuma in babu mai bibiya tsarewar tana iya zarce ɗaurin da da zai sha. Roƙon da ya kamata lauya ya dage a kai shi ne wurin ya zama asibiti, kuma a sa ranar dawowa da rahoto. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, tana da ofisoshi a jihohi, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA idan abin ya shafi mace ko yaro.

Wurin da na fi ganin mutanenmu suna sakaci da kotu alhali nan ne ta fi dacewa shi ne batun dukiya da waliccin mara lafiya. Fikihun Malikiyya da kotunanmu na shari'ar Musulunci suke aiki da shi ya yi wa wannan babi tanadi tun da daɗewa. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa marasa wayo dukiya, ta ce a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a kuma yi musu magana mai daɗi. Daga nan malamai suka fitar da hukuncin hajaru, wato alƙali ya dakatar da mutum daga sarrafa dukiyarsa ya naɗa wanda zai kula masa da ita. Kundin tsarin mulki ma ya san da wannan, sashe na 277 ya lissafa batun Musulmi mai taɓin hankali, da ciyar da shi, da waliccinsa, cikin al'amuran da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a take da hurumi a kai. Sabuwar dokar tarayya ita ma ta ware babi guda kan dukiya da harkokin majinyaci. Amfanin wannan a fili yake. Magidanci ya kwanta, albashinsa ko fanshonsa yana banki, banki ba zai saurari matarsa ba sai da takardar kotu, ga kuɗin magani ana nema. Ko kuma ciwon ya motsa ya fara rabar da kayan shagonsa, wani marar tsoron Allah ya lallaɓa ya saye gonarsa a kuɗin goro. Umarnin alƙali ne kaɗai zai toshe wannan.

Sai dai wuƙar tana da baki biyu. Wanda aka naɗa amini ne, ba magaji ba. Dukiyar ta mara lafiya ce, a kansa da iyalinsa za a kashe, kuma ranar da ya warke hajarun ya kamata ya faɗi. Alƙalin kirki ba zai wadatu da shaidar 'yan'uwa biyu masu ido a kan gida ɗaya ba. Zai nemi rahoton likitan ƙwaƙwalwa, zai so ya ga mutumin da idonsa ya ji ta bakinsa, zai kuma sa a riƙa kawo masa lissafi. A ra'ayina duk mai neman wannan umarni da zuciya ɗaya shi ya kamata ya fara roƙon a sa masa waɗannan sharuɗɗa, domin su ne za su wanke shi gobe idan zargi ya taso a cikin dangi.

Ko a batun aure fikihu bai yi gaggawa ba. Sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa. Matar da mijinta ya kamu tana da damar kai kukanta, kuma a littafin fikihun Malikiyya na Mukhtasar na Shehu Halilu an ambaci jinkirta wa irin wannan shekara guda domin neman magani kafin a ba ta zaɓi. Wato malaman da suka rubuta wannan ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun ɗauki hauka a matsayin ciwon da ake sa ran warkewarsa, abin da mu yau muke yawan mantawa.

Akwai kuma amfani na uku, wanda shi ne kishiyar abin da gwaggo ta zo nema: zuwa kotu don a fito da mutum. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. A watan da ya biyo aka fasa wasu a Daura da Katsina da Zariya. Akasarin waɗanda aka samu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata, da niyyar gyara. A ƙarshen 2019 ɗin ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 a sassan ƙasar, na addini da na gargajiya da na gwamnati, ta tarar da ɗaure mutane da sarƙa a kusan dukkansu. Amincewar uba ba ta halatta ɗaure baligi a turu. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, ga dokar hana azabtarwa ta 2017. Duk wanda ya san wani yana ɗaure a gidan mari, ko a wani ɗaki a bayan gida, yana iya kai ƙara babbar kotu a madadinsa don kare haƙƙinsa, ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun buɗe ƙofar ga wanda ba shi abin ya shafa kai tsaye ba. Yana kuma iya kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ba tare da biyan ko kwabo ba. Ban ce a bar addu'a ba. Ruƙiyya ba ta buƙatar sarƙa, kuma ba ta hana shan magani.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Ankara su lura cewa tsarin Gana ya bambanta. Dokarsu ta 2012 ta bar wa kotu babban matsayi: in ba yanayin gaggawa ba, ana kai buƙatar kwantar da mutum ba da yardarsa ba gaban kotu tare da shaidar ma'aikatan lafiya biyu, kuma umarnin farko na ɗan gajeren lokaci ne. Saboda haka shawarar da ta dace a Kano ba lallai ta dace a can ba.

Ko da takardar alƙali a hannu, akwai abin da ba za ta samar ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Umarni ba ya ƙirƙiro gado, ba ya biyan kuɗin magani, ba ya kuma zama kusa da majinyaci bayan sallama, lokacin da ya ji sauƙi ya ce ya warke ya ajiye ƙwayoyin. Yawancin komawar ciwo daga nan take farawa.

Ɗan gwaggo kawunsa ne ya shawo kansa a rana ta uku, bayan la'asar, da sunan a je a duba rashin barcin. Ya yi mako uku a kwance. Ba mu taka ƙofar kotu ba sai bayan wata biyu, shi ma don batun wani fili da ya sayar a kwanakin ruɗewa, kuma shi da kansa ya tsaya gaban alƙali ya yi bayani, rahoton likita yana hannunsa. Yanzu allura ake yi masa sau ɗaya a wata. Gwaggo ta sa ƙanen nan da ya bi da taɓarya ya rubuta ranakun a jikin kalandar ɗakinta, shi ne kuma yake goya shi a babur su tafi.